Ƙadangaren da Ya Ga Giɓina

Gwaggo ta rasu bayan an gama kai dawa rumbu, aka yi mata sutura a Kurfi, a gidan da aka haife ta, gidan da kuma ta dawo ta mallake tun ranar da ta fita takabar mijinta. Yayar mahaifinmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na baro aikina na koyarwa a Dutsin-Ma na zo na zauna a zaure tare da yayana muna karɓar gaisuwa, kuma tun ba a yi sadakar uku ba na fara zargin mutanen nan sun yi ɓatan kai ne, wata matar daban suka zo yi wa ta'aziyya.

Wani dattijo daga Barkiya ya ce bai taɓa ganin mace mai sanyin hali irinta ba. Limamin unguwarmu, wanda Gwaggo ta taɓa aika wa da saƙo cewa yana sauri a sallar asuba kamar ya bar tukunya a wuta, ya ce baiwar Allah ce mai kawaici. Wata tsohuwa daga Karofi ta tsaya a ƙofar shiga gida tana share hawaye, ta rantse Gwaggo ba ta taɓa cutar ko ƙuda ba. Ni kuwa ina zaune ina amsa musu, iska tana fita ta giɓin da ke gaban bakina tana ɗan yin fito kamar yadda ta saba. Yayana ya ji fiton, ya sunkuyar da kai ya riƙe gemu, kafaɗunsa suna rawa. Mutane suka ɗauka kuka yake, har wani ya matso yana ba shi haƙuri.

Na san ba a faɗar aibin mamaci, kuma ba shi na zo faɗa ba. Sai dai in aka ci gaba a haka, kafin arba'in za a manta da Gwaggo ɗungurungum, a ajiye wata salihar tsohuwa marar magana a gurbinta. Wannan kuwa ba zan yarda da shi ba. Wadda na sani nake so a tuna, da kafiyarta da komai, don ita nake kewa.

Sana'ar Gwaggo kiwon ragunan layya ce. Takan sa a sayo mata ƙanana bayan salla, ta ɗaure su a turke a bayan ɗakinta, ta yi ta ɗura musu dusa da harawa da kowar wake har su kasa juyawa. Ba a kawo mata rago ta karɓa sai ta kama haɓarsa, ta ɗaga leɓe ta duba haƙora, nan take ta gaya maka ko ya yi famfara, wato ko ya zubar da haƙoran nono ya isa yanka. Daga nan ne ta ɗauki kanta masaniyar bakin duk wani mai rai. Baƙo in ya shigo yana gaishe ta, idonta na kan bakinsa. Kuma ba ta cewa haƙori, haure take cewa, irin na tsofaffin wajenmu.

Abu ɗaya ne ba a taɓa ji a bakinta ba, shi ne ta ce ta yi kuskure. In miyarta ta yi gishiri, gishirin bana ne ya fi ƙarfi. In ta kwatanta maka hanyar Shema ka ɓata, to an kawar da hanyar ne bayan zuwanta. Mahaifinmu malami ne mai makarantar allo, manyan gari suna durƙusa masa, amma da Gwaggo ta ɗaga murya sai ka ji ya ce, "To, Yaya," ya ɗauki butarsa ya fita. Inna kuwa ta daɗe da gane cewa musu da yayar miji ɓata yawu ne, sai ta koma yin nata da gyaran murya.

Ina ɗan shekara bakwai ko kusa da haka, wani sabon haƙori ya ɓullo mini a sama, ba a layi ba, a bayan na gaba. Na gaban yana nan daram, fari tas, ɗan ƙarami. Sabon kuwa fankameme ne, da ɗan ɗorawa-ɗorawa, bakinsa kuma tsaga-tsaga kamar zarto. Ni ban damu ba, wasa ma nake da shi da harshe. Gwaggo ce ta hango shi ina hamma, ta kamo haɓata yadda take kama ta rago, ta juya ni wajen haske ta daɗe tana dubawa. Sannan ta yanke hukunci: haƙora sun yi wa bakina yawa, in aka bar su za su hau juna su turo leɓe, in girma da baki irin na gyado. Dole a cire ɗaya a samu wuri.

Baba ya ce a ɗan saurara a gani, yara duk haka suke yi. Ta ce yaran da aka saurara wa ta gan su, ta ma lissafa masa gidajensu. Inna ta yi gyaran murya daga bakin murhu, ba wanda ya waiwaye ta.

To sai tambaya ta biyu, wanne za a cire. A nan ne Gwaggo ta yi tunani irin na mai gida. Ta ce farin shi ne ɗan gida, tun fari yana wurinsa, a layinsa, bai tsokani kowa ba. Wancan mai launin ƙazanta shi ne ya zo daga baya, ya kuma biyo ta bayan gida, ba ta ƙofa ba. In wuri ya yi kaɗan, ai wanda ya zo daga baya shi ke tashi. Har yau in na tuna yadda maganar ta zauna daidai a kunnen kowa sai raina ya ɓaci, don ni ma a lokacin na ga hikimarta.

Da wanzamin gidanmu ya zo yi wa Baba aski da safe, ta tare shi tun bai buɗe zabira ba. Mutumin kirki ne, gwanin aski da ƙaho, amma ba jarumi ba ne a gaban Gwaggo. Ya taɓa haƙorin da yatsa, ya ce shi dai wanda ya saba cirewa mai girgiza ne ko wanda ya ruɓe, wannan kuwa ko motsi ba ya yi.

"In da yana girgiza, mi za ya sa in neme ka?" in ji Gwaggo. "Ai da zare zan hidda shi."

Ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta ta matse, ta rufe mini ido da tafin hannu. Ba zan tsaya ba da labarin zafin ba, wanda ya sani ya sani. Abin da na fi tunawa shi ne shirun da ya biyo baya. Na buɗe ido na ga wanzami riƙe da awartaki yana kallon abin da ya ciro, saiwarsa ta fi yadda kowa ya zata. Gwaggo ta karɓa ta ɗora a tafin hannunta, ta kalle shi har sai da Baba ya ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce lafiya lau, a kawo ruwan ɗumi da gishiri. A al'ada yaro ake ba haƙorinsa ya jefa kan rufin ɗaki. Nawa ba a ba ni ba. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, kuma ban san inda ta kai shi ba har yau.

Damina ba ta ƙare ba ɗan gidan nan fari, wanda aka yi duk wannan ta'asa dominsa, ya fara girgiza. Wata rana ina cin ƙanzo ya fita salin alin, ko jini bai yi ba. Gwaggo ta ce madalla, yanzu sabo zai fito a wurinsa a miƙe. Ta ja mini kunne ƙwarai in kiyayi ƙadangare, don kowa a garinmu ya san in ƙadangare ya ga giɓin yaro haƙorin ba ya sake fitowa. Na bi umarni iyakar iyawata. Ina tafiya hannuna a baki, ina karatun allo kaina a ƙasa, in zan yi dariya sai na duba katanga hagu da dama.

Sa'o'ina duk suka yi famfara suka cike. Ni shiru. Shekara ta zagayo, wata ma ta zagayo, dasashina sumul kamar ba a taɓa shuka komai a wurin ba. Da maganar ta fara yawa a gida, Gwaggo ta tara mu ta bayyana abin da ya faru. Ta ce da idonta ta gan ni a gindin rumbu na wangale baki ina dariya, ga wani jan gwada a jikin rumbun yana kallona. Ta yi gargaɗi ba a ji ba, yanzu ga shi nan.

Na yarda. Wallahi na yarda, na kuma yi shekaru ina jin haushin kaina. Ita kuwa daga ranar ta ɗaura yaƙi da ƙadangarun gidanmu. Kullum da tsakuwa a gefen tabarmarta, da ta hango ɗaya sai jifa, tana kiransu 'yan sa-ido. Ba ta taɓa samun ko guda ba, amma ta fasa wa Inna tulu.

Sai da na tafi makarantar horon malamai a Katsina na gano gaskiya. Ana darasin kiwon lafiya malami ya ce haƙorin ɗan Adam zubi biyu ne kawai, na nono da na girma, kuma na girman yakan fito da faɗi, da ɗan duhu, bakinsa tsaga-tsaga, wani lokaci ma a bayan na nonon kafin na nonon ya faɗi. Na zauna ina laluben giɓina da harshe. Ashe ɗan gidan shi ne baƙon. Matar da ke bambance haƙorin nono da na girma a bakin rago tun daga nesa, ita ta sa aka tumɓuke mini na girma aka bar na nono.

Da na zo hutu na sami Baba shi kaɗai a zaure na zazzage masa abin da na koyo, ina jiran ya yi salati. Ya ci gaba da feƙe alƙalaminsa. Ya ce ai wanzami ya gaya masa tun ranar, a hanyar raka shi. Inna ma ta sani. Yayana ya sani. Ni kaɗai ne a gidan nake yawo da laifin ƙadangare a wuya. Baba ya ce abin da ya wuce ya wuce, kada in kuskura in tayar wa yayarsa da maganar, don ba haƙorin zai dawo ba, kuma gidan ba zai zaunu ba.

Ban tayar ba. Amma Gwaggo ba ta sauƙaƙa mini haƙurin ba. Lokacin da ake nema mini aure ita ta shiga gaba, ta kuma shaida wa dangin yarinyar cewa abin da ke bakina wushirya ce, irin wadda wasu ke zuwa wajen wanzami a fiƙe musu don ado, ni kuwa Allah ya ba ni kyauta. An ce kakar yarinyar ta amsa da cewa ita dai ba ta taɓa ganin wushiryar da gyaɗa za ta wuce ta ciki da ɓawonta ba. Gwaggo ta ce to yau za ta gani.

Akwai kuma rake. Mai giɓi a gaba ba ya iya ɓare rake da baki yadda kowa ke yi, in na gwada sai dasashi ya yi jini. Tun ina yaro, duk ranar da aka shigo da rake gidanmu, Gwaggo za ta ɗauki wata 'yar wuƙarta mai ƙotar ƙaho, ta fere gaɓa biyu ko uku, ta yayyanka ƙanana daidai tauna, ta zuba a faifai ta turo mini da ƙafa ba tare da ta dube ni ba. Gasasshiyar masara ma sai ta ɓanɓare mini a kwano. Sauran yara in sun yi ƙorafi ta ce su ba su da hannu ne. Na girma, na yi gemu, ana ce mini Malam a gari, amma in na shigo Kurfi lokacin rake faifan nan yana jirana. Na taɓa ce mata ta huta, ai ina da wuƙa. Ta ce ba don ni take yi ba, wuƙar ce in ba ta aiki takan yi tsatsa.

Rigimarmu ta gaske ta zo ne 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Yayana ya koma Dutsin-Ma yana ɗinki, babbar ɗiyarsa kuma tana makarantar da nake koyarwa. Tana wajen shekara goma sha ɗaya fiƙoƙinta na sama suka fito, duka biyun, can bisa dasashi, sun hau kan 'yan'uwansu don babu wurin sauka. Yara ba su da tausayi. Suka sa mata suna, yarinyar da ke da surutu kamar kanari ta koma ba ta amsa tambaya a aji, in za ta yi magana sai ta ja mayafi ta rufe baki. Na san wannan rufe bakin.

Akwai wani likita da kan zo daga Katsina lokaci-lokaci ya duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin garin, sai na kai ta. Ya duba da kyau, ya ce muƙamuƙinta ƙarami ne, haƙoran kuma manya. Ya yi mana bayani cewa ba kowane cunkoso ne ke bukatar cirewa ba, wani in aka ba shi lokaci bakin kan buɗe haƙoran su sami wuri. Amma nata, a ganinsa, wurin ya yi kaɗan ƙwarai. In aka cire ƙaramin haƙori ɗaya a kowane gefe, wanda ke bayan fiƙa, fiƙoƙin za su sauko su shiga layi, a manyan birane ma har siririyar waya ake ɗaurawa ta jawo su. Ya ce mu kai ta Katsina a sake dubawa kafin a taɓa komai. Na gamsu, yayana ya gamsu, muka sa rana.

Ban san wanda ya kai wa Gwaggo labari ba, ina dai zargin Inna. Ranar kasuwa sai ga Gwaggo a Dutsin-Ma, ta biyo masu jakuna, tsohuwar da ke kukan gwiwa in za ta je bayan gida. Ta gaisa da kowa lafiya lau, ta ci abinci, ba ta ce uffan game da haƙori ba. Da la'asar ta ce yarinyar ta ɗaukar mata ƙullinta ta raka ta bakin kasuwa. Rakiyar ke nan.

Washegari na hau keke na tafi Kurfi, aka ce ba su iso ba. Baba ya ce, yana kallon wani wuri, wataƙila in gwada Barkiya, wajen dangin marigayi mijinta. Hanyar Barkiya rairayi ce, rabinta tura keken na yi. Na isa rana tsaka, jiƙe da gumi, na same ta zaune a inuwar bishiyar bedi tana tsince wake, yarinyar a bayanta tana leƙena. Ko ruwa ban tsaya sha ba na ce mata likita ne fa ya duba, ba wasa ba.

"Hauren da za a cire, ruɓaɓɓe ne?" ta tambaye ni.

Na ce lafiyayye ne, wuri ne babu.

"In an cire, wani na hitowa?"

Na ce a'a.

"To ba a taɓa shi."

Na yi mata bayani yadda nake yi wa 'yan aji, har da zane a ƙasa. Na ce wannan ba irin na wanzami ba ne, mutum ne da ya yi karatun abin, kuma sai an sake dubawa. Na ce ta dubi yarinyar nan, ta daina dariya, ta daina magana. Gwaggo ta ci gaba da tsince wakenta. Ta ce in ɗaki ya yi wa 'ya'ya kaɗan ita ba ta san a kori ɗaya ba, ta san a matsa. Ta ce mai karatu ma yana da hannu, hannu kuwa in ya cire ba ya mayarwa.

A nan haƙurin shekaru ya ƙare mini. Na manta da gargaɗin Baba. Na ce, "Gwaggo, ke ce yau ke faɗar haka? Ke da kika matse ni aka cire mini haƙorin girma aka bar na nono?" Na ɗaga leɓe na nuna mata, a gaban surukanta da kowa.

Ta ɗago ta dubi giɓin. Na ga hannunta ya tsaya a cikin waken. Na ce a raina yau dai za a yi ta. Sai ta ce, "Kai ka buɗe baki gaban ƙadangare," ta mayar da kai ƙasa.

Na juya keke na tafi ko sallama ban yi ba. Na daɗe ban taka Kurfi ba. Amma lokacin rake na zuwa, ranar kasuwa sai ga wani mai jaki a ƙofar makaranta da ƙunshin ganye, an ce a ba Malamin boko, don da haka Gwaggo ke kirana. Na buɗe na ga rake yankakke ƙanana. Babu gaisuwa, babu saƙo. Na yi niyyar mayarwa, sai na ga mai jakin ba shi da laifi, na shanye.

Baba ya yanke cewa a bari Gwaggo ta huce sannan a kai yarinyar Katsina. Ba ta huce ba, likitan kuma aka yi masa canjin wuri, maganar ta bi ruwa. Yarinyar ta yi watanni a hannunta. Kowace safiya Gwaggo takan sa ta yi asuwaki, sannan ta sa babban yatsa ta danna fiƙoƙin ƙasa tana bismilla. A hankali na dama ya sauko, bai miƙe sarai ba amma ya shiga cikin 'yan'uwansa. Na hagu yana nan bisa har gobe. Gwaggo ta ce na dama aikin yatsanta ne, na hagu kuwa laifin yarinyar ne da ke kwanciya ta wannan gefen. Ni har yanzu ina ganin da an bi maganar likita da duka biyun sun sauko. Yayana yana ganin da an cire da an yi asarar haƙori a gefen da bai bukata. Mun bar musun, don ba mai raba mu.

Abin da ban iya musantawa ba shi ne yarinyar ta dawo tana dariya, baki buɗe. Na tambaye ta me aka ba ta a can. Ta ce Gwaggo ce ta ce mata ta dubi Baffanta, bakinsa kamar ƙofar da aka cire wa ƙyaure, amma kullum yana tsaye gaban aji yana surutu, bai mutu ba. Wato da ni aka yi maganin.

Da ciwon Gwaggo na ƙarshe ya yi tsanani aka aiko mana muka zo. Wata la'asar ta ce a kira mata mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, tana neman gafara kamar yadda ake yi. Ta roƙi Inna ta yafe mata mulkin da ta yi mata da tulun da ta fasa. Ta aika a roƙar mata liman. Har wata maƙwabciya da suka yi faɗa kan kaza tun ina yaro sai da aka kira. Ina zaune a bakin ƙofa ina jira, don na san layi zai zo kaina, kuma na riga na shirya amsata, mai taushi, wadda ba za ta kunyata ta ba.

"Malamin boko, matso."

Na matsa har ina jin numfashinta. Ta kama haɓata, hannun ba ƙarfi, ta ɗaga leɓena da yatsa ta duba, kamar dai wancan karon.

"Na yahe maka," in ji ta.

Na ce, "Me na yi, Gwaggo?"

"Abin da ka hwaɗa mani a Barkiya, gaban mutane."

Na ce na gode. Me zan ce? Na fita na tsaya a wajen turken ragunanta, ina hawaye ina cizon leɓe, ban san wanne ya fi yawa ba tsakanin baƙin ciki da haushi. Ba ta sake magana da ni ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku, bayan jama'a sun watse yayana ya shiga gida, ina zaune ni kaɗai a zaure sai ɗiyar tasa ta yi sallama. Ta zama budurwa yanzu, fiƙarta ta hagu tana nan tana leƙe in ta yi murmushi. Ta durƙusa ta ajiye faifai a gabana. Rake ne, an fere an yayyanka ƙanana. A ɗaya hannun nata na ga wuƙar nan mai ƙotar ƙaho.

Ta ce Gwaggo ce ta bar mata wuƙar, ta kuma ce duk shekara in rake ya shigo ta riƙa yanka mini, ko tana gidan miji ne ta aiko. Na ce ko ta faɗi dalili. Ta ce ta faɗa, amma ta ce ba sai an gaya mini ba, don ba zan tambaya ba, girman kai gare ni.

Na ce, "To ga shi na tambaya."

Ta juya wuƙar a hannunta. "Ta ce ƙadangaren da ya ga bakinka, ita ce. Ta ce ta gane tun hauren yana tafin hannunta. Ta ce na mutum ɗaya ta ci, ba za a ci na biyu tana da rai ba."

Na tambaye ta yaushe Gwaggo ta faɗi wannan, ina zaton a kwanciyar nan ce. Ta ce a'a, tun a Barkiya ne, ranar da na je da keke. Ko fita daga garin ban yi ba ta ture waken gefe ta faɗa, tana share ido da bakin zane.

Kun ji fa. Ina jin da na waiwaya da na ji da kunnena. Shekara da shekaru tana da maganar a baki, ta gaya wa yarinya, ta gaya wa wuƙa da faifai, ni kaɗai ne ba za a gaya wa ba, sannan a ƙarshe ni aka yafe wa. Wannan ita ce matar da ake ce mini mai sanyin hali.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya sa ta tarar da sauƙin da ba ta cika yi wa kanta ba. Ba ta roƙe ni ba, amma na yafe, duniya da lahira. Na jawo faifan na ɗauki guda na sa a gefen baki inda na saba, na ce wa yarinyar yankan nata ya yi girma, na Gwaggo ya fi haka ƙanana. Ta ce raken bana ne ya fi kauri.